Hular Kunya

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da zagin Yaya, don Allah ku rage saura, yau ma za ku buƙata. Wadda ta ce in tausaya wa Auta kuma, 'yar'uwa ni ma na so, labarin ne ya ƙi. Ga wanda yau ya fara leƙo mu: Yaya da ƙanwarsa Auta ne suka ƙera manhajar waya mai gaya wa masu ciwon suga yawan allurar da za su yi kafin cin abinci. Kamfanin na Yaya ne, Auta injiniya ce a ciki, mahaifinsu kuma yana cikin masu amfani da ita. Mun tsaya inda Auta ta ga wani abu a kwamfutarta ta miƙe zumbur.

*

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Da kafaɗa ta ture ƙofar gilashin, kwamfuta a hannu ɗaya, waya maƙale a kunne.

Yaya na tsaye gaban taga yana gyara wuyan riga, bakinsa na motsi. Jawabin da zai yi wa manyan asibitin da za su zo da yamma yake bita.

"Ke lafiya? Nan ɗin ɗakin Mama ne da za ki faɗo min haka?"

"Yaya, ka dakatar da manhajar."

"Na'am?"

"Ka tura wa mutane saƙo, kada wanda ya yi allura da lissafinta yau."

Wayar ta gama ƙara a kunnenta ta katse. Ta sake danna sunan Baba.

"Wa kike ta kira?"

"Baba. Ba ya ɗauka."

"Yana can da rediyonsa, kin san hali. Zauna ki yi min magana irin ta masu hankali."

Ba ta zauna ba. Ta dire kwamfutar a kan takardunsa, ta juya masa ita.

"An shiga Alƙali."

Alƙali dai suna ne da suka laƙaba wa injin da ke kusurwar ofishin. Duk wanda ya rubuta sabon aiki, shi yake miƙa wa. Injin zai haɗa, ya gwada, ya yanke hukunci ta wata fitila da ke saman firij. In ta yi ja, aikinka ya dawo maka. In ta yi kore, babu ɗan Adam ɗin da ke sake dubawa, kai tsaye yake tura sabon zubi zuwa wayoyin mutane. Yaya ya fi alfahari da wannan injin a kan motarsa.

"Wa ya shiga?"

"Ban sani ba, ban kuma damu in sani yanzu ba. Ka tuna ƙofar da muka buɗe wa masu yi mana aiki daga waje, inda suke turo fayil a gwada?"

"Wannan ai ɗaki ɗaya ne. Abin da aka turo, nan yake zama."

"Dubi sunan wannan."

Ya sunkuyo. Sunan fayil ɗin bai fara da harafi ba. Ɗigo biyu ne da karkatacciyar sanda, sai wasu biyun da sanda, an jera su reras kamar tururuwa.

../../../../

Ba sai ta yi masa bayani ba, shi ya koya mata wannan tun tana makaranta. Amma ta yi, don tana son ya ji da kunnensa.

"Kowane ɗigo biyu cewa yake, fita daga nan ka koma ɗakin baya. Alƙali bai tambaye shi ina za ka ba. Ya dinga buɗe masa yana wucewa, har ya isa inda muke ajiye ma'aunin da likita ya ba mu. Ya ɗora nasa a kai."

"Me ya canja?"

"Ninkawa ya yi. Wanda ya kamata ya yi kaɗan, za ta ce masa ya cika sirinji."

Wanda bai taɓa jinyar mai suga ba ba zai gane abin da ta faɗa ba. In allura ta yi yawa, sugan jiki ne ke zubewa ƙasa. Gumi, rawar jiki, suma. In ba a kai ɗauki da wuri ba, sai dai wani ba shi ba.

Yaya ya laluba kujera ya zauna.

"An saki sabon zubin?"

"Da safen nan. Kai ka fara tafa hannu da kore ya fito."

Ya shafa kansa. Ya dubi agogo. Ya dubi ƙofa, ya tashi ya tura ta ta rufu sosai.

"To, saurara. Sahun farko na masu karɓar sabon zubi kaɗai ya kai wa, sauran sai dare. Mutane kaɗan ne. Ki mayar da ma'aunin gaskiya, mu tura gyara a shiru, shi ke nan."

"Gyara sai ya ɗauki lokaci kafin ya sauka a waya. Rana ta yi, Yaya. Yanzu haka wani na gwada jininsa."

"Na ji."

"Saƙo kuwa yanzu zai shiga. Kai kaɗai ke da ikon turawa. Ka tura."

"Kin san su wa ke cikin sahun farko? Har da likitocin da za su zo yau. Suna cikin mota su ga saƙo, wai kada ku yarda da lissafinmu. Su juya ke nan. Ƙuruciyata gaba ɗaya a kan wannan yammacin na ƙarar da ita, Auta."

"Su juya mana!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Mutane kaɗan ɗin ba mutane ba ne? Wallahi ni gabana faɗuwa yake, Baba kawai nake gani."

"Baba ba ya ciki. Ba ke kika sa shi a sahun ƙarshe da hannunki ba?"

Haka ne, ita ta sa shi. Tun ranar da suka saka masa manhajar ta ce mahaifinta ba zai zama zakaran gwaji ba, sai kowa ya karɓa an ga lafiya sannan ya karɓa. Ta ɗan sauke numfashi.

Amma ni da nake ba ku labari na lura, da ya faɗi maganar ba ita yake kallo ba. Agogonsa yake kallo.

Auta ta ja kwamfutar gabanta.

"Akwai abin da ban gane ba. Na rubuta wa Alƙali mai gadi. Duk sunan da ya zo da ɗigon nan, ya ƙi shi, fitila ta yi ja. Ni na rubuta, na gwada, ya yi aiki. Ya aka yi wannan ya wuce da kore?"

"Ba lokacin bincike ba ne yanzu."

Yatsunta sun riga sun tafi. Ta buɗe nan, ta buɗe can. Sai ta tsaya cak.

"An kashe shi."

Ta ɗago ta dube shi.

"An kashe mai gadin, Yaya. Ba ɗan waje ba ne ya kashe, daga cikin ofishin nan ne. Tun kafin damina."

Ta fizgi ƙofar ta leƙa.

"Dogo! Zo nan!"

Dogo shi ke kula da Alƙali. Abokin Yaya ne tun suna aji ɗaya, mutum mai sanyin magana, wanda ko kuda ya faɗa masa a shayi sai ya ba shi haƙuri kafin ya cire. Ya shigo yana sunkuyar da kai saboda ƙofar, kofi a hannu.

"Ƙanwata, irin wannan kira ai sai ki sa in ƙware."

"Sunanka na gani. Kai ka kashe mai gadina?"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya dubi Yaya. Yaya ya dubi taga.

"Me ya faru?"

Ta juya masa kwamfutar. Dogo bai buƙaci ko kalma ba. Ya ga ɗigon, ya ga inda suka kai, kofin ya karkace har shayi ya zubo masa a yatsu bai ji zafi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya fita?"

"Ya fita. Kai ka kashe?"

"Ni ne."

"Don me?"

"Kuskure ne."

"Ƙarya kake! Kai da ko waƙafi ba ka gogewa sai ka tambayi mutum uku? Dogo, kalle ni. In wani ya mutu yau, da sunanka za a je kotu. 'Ya'yanka mata za su ji a makaranta. Don me ka kashe?"

Yaya ya ce, "Auta, ya isa."

"Bai isa ba."

Dogo ya ajiye kofin a kan takardun jawabin. Ya goge hannunsa a wando, a hankali, kamar yana da duk lokacin duniya.

"Oga, ka yafe ni. Na ɗauki abubuwa da yawa dominka, wannan ya fi ƙarfin wuyana."

"Dogo."

"Hula ce, ƙanwata."

"Wace hula?"

Ya nuna da haɓa ta cikin gilashin.

Tana nan rataye a ƙusa kusa da firij. Ja ce, da dogayen kunnuwan jaki da 'yar ƙararrawa a kowane kunne. Yaya ne ya sayo ta da kansa, shi ya kafa dokar: duk wanda aikinsa ya sa fitila ta yi ja, zai sa hular har a tashi, a ɗauke shi hoto a tura dandalin ma'aikata. Ya ce wasa ne mai koyar da hankali. Auta ta sa. Dogo ya sa har ya gaji. Akwai wata mai tsohon ciki da ta sa, tana dariya a gaban mutane, aka same ta a banɗaki tana kuka. Da aka gaya wa Yaya cewa ya yi doka ba ta san ciki ba.

Mutum ɗaya ne a ofishin bai taɓa sa ta ba.

"Ranar da sassafe ne," in ji Dogo. "Ni da shi kaɗai. Ya ce turo fayil na yin nauyi, zai gyara da kansa. Kin san ya daɗe bai rubuta komai ba, hannu ya kwanta. Ya rubuta, ya miƙa wa Alƙali. Mai gadinki ya kama shi. Fitila ta yi ja, da sunansa ɓaro-ɓaro a allo."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai muka ji takun yaran ofis a matakala suna hawowa. Ya ce, Dogo kashe shi na ɗan lokaci, in an watse mu mayar."

"Ba ku mayar ba."

"In na mayar, ja za ta sake yi. Da sunansa. Na tuna masa, ya ce gobe. Na sake tuna masa, ya ce in na ƙara zan nemi wani aikin."

Auta ta juya ta dubi yayanta. Wannan ne mutumin da ya goya ta zuwa makaranta ranar da takalminta ya tsinke. Shi ya sayar da babur ɗinsa ya saya mata kwamfutar farko. Ta nemi wannan mutumin a fuskarsa ba ta same shi ba, sai wani mai gumi a goshi da riga mai tsada.

"Saboda hula, Yaya?"

"Ba za ki gane ba."

"Fahimtar da ni."

"Ni ne shugaba a nan! In na sa kunnen jaki a gaban yaran da nake biya, gobe wa zai ji maganata?"

"Ni na sa, na mutu? Mai ciki ta sa!"

"Ke daban, ni daban."

"Wallahi daban. Mu kunya muka ji ta yini ɗaya. Kai ka buɗe gida ka bar shi a buɗe don kada a yi maka dariya."

Kai jama'a. Ni kaina da nake rubutawa raina ɓaci yake. Da ɓarawo ne ya fasa, sai a ce ƙaddara. Wannan kuwa mai gidan ne ya kori mai gadi don ya gan shi yana tuntuɓe.

Wayar Auta ta yi ƙara. Ta zabura, ta zaci Baba ne. Mama ce. Ta sa a lasifika.

"Auta, na ga kiranki rututu. Lafiya?"

"Mama kina gida?"

"Ina fa. Na je duba ƙanwata da aka sallamo daga asibiti, kin san ta da surutu, ta riƙe ni. Ga motar da na hau ta mutu mana a kan gada, direban sai buɗe gaba yake yana rufewa, ko shi bai san abin da yake nema ba."

"Baba fa? Ya ci abinci?"

"Abincin na hannuna. Tun da na fito na kira shi na ce ya gwada jininsa ya yi allurarsa, ga ni nan tafe, kada in zo ya tsaya min nuƙu-nuƙu. Ban san mota za ta yi mana haka ba."

Auta ta rufe ido.

"To Mama, ki samu wata motar ki hau, kada ya daɗe bai ci ba."

Ba ta gama ajiye wayar ba ta ji kujera ta faɗi. Yaya ne. Yana lalube a kan tebur, ya ture kofin Dogo, ya watsar da takardu, har ya damƙi makullin mota.

"Ina za ka?"

"Gida."

"Me za ka yi a gida? Baƙinka fa?"

Ya nufi ƙofa, ta riga shi, ta tare da bayanta.

"Ka ce Baba ba ya ciki."

"Matsa."

"Yaya. Ka ce min Baba ba ya ciki."

Ya dube ta. Tunda take ba ta taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarsa ba.

"Na zaci sai Mama ta ajiye abinci a gabansa yake yi. Kullum haka yake yi. Na zaci akwai lokaci."

"Me ka yi?"

"Wancan zuwan da likitocin suka yi, babbarsu ta tambaye ni, kai ka yarda da abin nan? Na ce mahaifina ne ke fara karɓar kowane sabon zubi kafin kowa. Suka yi ta jinjina kai. Da suka tafi... ban so ya zama na yi ƙarya ba. Sai na mayar da shi sahun farko."

"Ba ka so ka yi ƙarya ba."

"Auta, matsa don Allah."

Ta riƙe hannun ƙofar da hannu biyu. Tun da ta shigo ofishin nan yana sane. Yana sane ya ce mata zauna. Yana sane ya ce a yi a shiru.

"Ba za ka fita ba sai ka tura saƙon."

"Babanmu ne fa!"

"Kowa a sahun nan baban wani ne. Tura, ko wallahi mu kwana a nan."

Ya zaro wayar. Yatsansa ya kasa samun wurin, sai da Dogo ya kama hannun ya ɗora masa. Saƙon ya fita. A can cikin ofis wayoyin ma'aikata suka ɗauki ƙara ɗaya bayan ɗaya, kawuna suka ɗago.

"Ku tafi," in ji Dogo. "Zan kira motar asibiti in ba su kwatance. Zan kashe Alƙali. Ku tafi!"

Ba su jira lifta ba.

*

Titin a cike yake. Rana ta take, motoci sun yi cirko-cirko a mahaɗa, wata babbar mota ta gindaya tana ƙoƙarin juyawa. Yaya ya danne hon bai ɗaga ba.

"Kira Tela," in ji Auta. "Shagonsa na kallon ƙofarmu."

Tela maƙwabcinsu ne tun suna yara, shi ya ɗinka musu kayan makaranta. Yaya ya kira, ya sa a lasifika ya jefa wayar a cinyarsa.

"Kawu Tela, kana shago?"

"Na ɗan fita sayen zare, ina bayan layi. Lafiya, muryarka haka?"

"Ka je gidanmu da gudu. Ka nemi suga ko lemo, ko me ka samu mai zaƙi, ka ba Baba."

"Suga? Ni da Mamanku ta yi wa kashedi ko alewa kada in..."

"Kawu, don girman Allah!"

"To, to. Ga ni nan."

Auta kuwa na ta kiran Baba. Ta katse, ta kira. Ta katse, ta kira. Bakinta addu'a yake amma ba ta san me take cewa ba.

Sai aka ɗauka.

"Autata."

"Baba! Baba, ka yi allurar?"

"Ke ko gaisuwa babu? Wayar na caji ne, ni kuma ina falo. Yaran zamani."

"Baba ka yi?"

"Na yi mana, tun ɗazu. Mamanku ta ce tana hanya. Hanyar tata dai Allah kaɗai ya san ta inda ta bi."

Yana dariya, amma maganar na jan ƙafa. Harshensa ya yi nauyi kamar wanda aka tasa daga barci.

"Nawa ka yi?"

"Abin da aka ce min. Yau da yawa ne kam. Har na ce to, ko jikin ne ya ƙara lalacewa."

"Ba ka yi mamaki ba, Baba? Ba ka kira ni ba?"

"Mamakin me? Ai ke kika faɗa."

"Ni?"

"Muryarki ce. Kika ce, Baba ga abin da za ka yi. Ni in Autata ta faɗa, wa zan tambaya kuma?"

Ta toshe bakinta da hannu. Idon Baba ya yi rauni, ba ya iya karanta lambobi a waya. Don haka ta zauna ta naɗi muryarta, lamba bayan lamba, ta saka masa a tasa wayar shi kaɗai, don kada baƙuwar murya ta dinga ba mahaifinta umarni. Injin ya zaɓo lambar da ɓarawo ya rubuta, ya faɗa masa da bakinta.

Yaya ya kifa goshinsa a sitiyari. Na baya suka yi ta hon, hanya ta buɗe bai gani ba. Ta kai masa duka a kafaɗa, ya ja motar.

"Baba, saurare ni da kyau. Me kake ji?"

"Zafi. Gumi nake, rigar duk ta jiƙe. Ga fanka na yi. Hannuna kuma sai rawa yake kamar na tsohon... au, ai tsohon ne." Ya sake 'yar dariya.

"Tashi ka je kicin. Ka sha suga, cokali uku, ko nawa ka samu."

"Suga a gidan nan? Kun manta kun yi min dokar soja?"

"Alewar da likita ya ce a ajiye saboda irin haka fa? Tana ina?"

"Jakar Mamanku."

"Me take yi a jakarta?"

"Ta kama ni ina ɗauka ɗaya-ɗaya. Shi ne take fita da ita." Ya ja numfashi. "Kada ki gaya mata na faɗa."

Hawaye suka ɓalle wa Auta. Gida guda sun taru sun tsare mutumin nan daga zaƙi saboda suna son sa, yau ga shi ƙwayar alewa ɗaya ta gagara.

"Zuma fa? Madara? Burodi? Baba ko me ne ne, ka sa a bakinka."

"Bari in... bari in tashi."

Ta ji ƙarar kujera. Ta ji takunsa, ɗaya, biyu, yana jan silifa.

"Ka fara buɗe ƙofar gida, Kawu Tela na zuwa. Baba ka ji? Ƙofar tukuna."

"Na sa sakata. Mamanku ta ce... ɓarayi..."

"Eh, ka zare ta."

"Yayanki na nan?"

Yaya ya karkato kansa wajen wayar.

"Ga ni, Baba."

"Yau ne baƙin naka ko? Na yi maka addu'a da asuba. Ka tsaya da kyau... ka gaya musu ni ne... ni ne na farko..."

"Baba ka buɗe ƙofar!"

"Falon ne ke... wa ya kashe wuta?"

Wani abu ya faɗi mai nauyi. Bayansa wani ƙarami, wayar ce ta bugi tayil ta gangara.

"Baba?"

Kiran bai katse ba. Tana jin fanka. Tana jin rediyo can nesa, wani na karanta labarai hankalinsa kwance.

"Baba! Baba ka yi magana! Baba!"

Yaya ya hau gefen titi da motar, ya bi ta gaban shaguna, mutane na tsalle suna zaginsa. Daga wayar da ke cinyarsa muryar Tela ta fito yana haki.

"Na iso. Ina bugawa ba a buɗe ba. Alhaji! Alhaji!"

Auta na jin bugun sau biyu, ta wayar Yaya da ta wayar Baba.

"Ka leƙa ta taga, Kawu!"

"Labule ya tare... tsaya. Ina hango ƙafafunsa. A ƙasa yake, bakin kicin."

"Yana motsi?"

"Ban gani ba."

"Ɓalle ƙofar!" Yaya ya faɗa da wata murya da ba tasa ba. "Ɓalle ta, Kawu!"

Wayar Tela ta katse. Saura ta Baba. Auta ta manna ta a kunne da hannu biyu, har tana jin zafin gilashin. Ta ji Tela na kiran mutane. Ta ji ƙarfe na dukan ƙarfe. Ta ji sakatar ta yi tsalle, ƙofar ta bugi bango, ƙafafu da yawa suka shigo a guje.

Wani ya ce a ɗaga kansa. Wata ta ce a kawo ruwa. Wani ya ce kada a ɗura masa komai, zai shaƙe.

Daga nan hayaniyar ta fara raguwa. Ta ragu, ta ragu, har rediyon ya dawo ana jin sa. Sai wani ya je ya kashe shi.

Aka ɗauki wayar daga ƙasa.

"Auta?" Tela ne. Ya daina haki. "Ke ce a kan layi?"

"Ni ce, Kawu. Yana numfashi? Motar asibiti na hanya, ku juya shi ta gefe. Yana numfashi?"

"Kina tare da Yayanki?"

"Kawu, ni nake tambayarka. Ka gaya min."

"Ki ce ya tsayar da motar."

"Kawu Tela!"

"'Yata," ya ce a hankali, "ba Yayanki wayar."